Rabon Akwele

Litinin, 4 ga Agusta, biyar na yamma

Mun iso. Daga Lome zuwa Kpalime hanya lafiya lau, daga nan kuwa sai hawa, kwana bisa kwana, tsohuwar motata tana nishi a giya ta biyu. Duk shekarun da na yi ina koya wa mutane tuƙi ban taɓa ganin hanyar da ta raina kuloci irin wannan ba.

Gidan ɗaki biyu ne da madafa da baranda, rufin langa-langa, shi kaɗai tilo a tsakiyar gonar kofi. Mai shi, Fo Kudzo (Fo a nan kamar a ce Malam ne), yana can gangare, da kyar ake jin carar zakaransa. 'Yan birni yake ba haya su zo su huta. Mota ba ta isowa ƙofa, na bar ta gindin mangwaro a bakin hanya, kuma nan ne kaɗai waya take samun sabis.

Mu dai ba hutu ya kawo mu ba. Matata Akoko ba ta cin abinci tun ranar jana'izar Akwele, abokiyar tagwaitakarta. Shayi take sha, wani lokaci cokali biyu na kunu. Likita ya ce in ba ta fara ci ba a kawo ta a kwantar, a yi mata ƙarin ruwa. Ita kuma ta ce mini, ba da faɗa ba, in aka kwantar da ita a asibitin da aka kwantar da Akwele, kada in wahalar da kaina zuwa ɗauko ta. Shi ya sa na roƙi 'yarmu Kafui ta ba ni mako biyu in gwada tawa dabarar.

Dabarar kuwa ita ce in raba ta da danginta. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya ce Akwele ta tafi daji yin itace, wai ba a faɗa wa tagwaye waccan kalmar. Ni dattijo ne a coci, ba na irin wannan magana. Ni "abin da ya faru" nake cewa.

Talata, 5 ga Agusta, tara na safe

Sanyi ya ishe mu, bargo biyu muka haɗa. Da gari ya waye hazo ya cika kwarin, ko ayabar da ke bakin baranda ba a gani.

Akwai abin da ban rubuta jiya ba. Muna loda kaya Gwaggo Ablavi, ƙanwar mahaifin su Akoko, ta tare ni a bayan mota da wani ƙunshi a tsumma. 'Yar tsanar katako ce da aka sassaƙa a madadin Akwele, irin wadda ake yi wa wanka, a sa mata tufa, a ajiye mata abinci.

Ta ce, "Ɗana, ka ba ta hannu da hannu. In ba ta da wadda za ta ciyar, ta dajin za ta ja ta."

Na ce, "Gwaggo, mu masu bi ne."

Ta ce, "Ni kuma me nake? Kowace Lahadi ina riga ka shiga coci. Karɓi, kada ka tsayar da tsohuwa a rana."

Na karɓa don kada a tara mini jama'a. 'Yar tsanar tana can cikin but ɗin mota, ƙarƙashin safaya taya, ko kwance ƙunshin ban yi ba. Akoko ba ta sani ba, kuma ba na nufin ta sani.

Talata, biyu na rana

Na dafa shinkafa da kifin gwangwani. Ta ce, "Sannu da aiki, Baban Kafui. Ajiye, zan ci." Karen Fo Kudzo ne ya ci.

Laraba, 6 ga Agusta, huɗu na yamma

Mun fita yawo. Akwai siririyar hanya da ta ratsa gonar kofi ta haura wani faffaɗan dutse, daga kansa ana hango ƙauyukan Ghana. Ƙasar ja ce, mai santsi. Malam-buɗe-littafi ko'ina, wasu har faɗin tafin hannu. Na nuna mata, ta duba, ta ce suna da kyau. Tana tafe tana tsintar ƙirare, na bar ta, tunda ko ba komai hannunta ya samu aiki.

A hanyar dawowa muka yi kiciɓis da Fo Kudzo yana sassabe. Gajere ne mai baki, irin mutanen da in sun fara gaisuwa sai ka nemi wurin zama. Na ce masa ga matata, Akoko. Sunan kaɗai ya ishe shi ya san tagwaye ce, don a wurinmu Akoko da Akwele sunayen tagwaye ne.

Ya ce, "Ashe manyan baƙi na yi ban sani ba. To ina Akwele? Kun baro ta a birni tana fushi ke nan?"

Na buɗe baki, Akoko ta riga ni. Ta ce, "Ta tafi daji yin itace."

Ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Ya ce, "Allah ya sa ta samu busasshe."

An gudu ba a tsira ba. Na ƙona mai, na ci tayoyi, na hawo wannan dutse don kada ta ƙara jin maganar nan, ga ta kuma tana jiranmu a gonar kofi da adda a hannu.

Alhamis, 7 ga Agusta, bakwai na safe

A bakin ƙofa na tarar da fiya biyu, nonon ayaba biyu, ƙwai biyu, kowanne an ware shi gefe da gefe. Aikin Fo Kudzo ne, wai kowace tagwaye da rabonta. Na haɗe su wuri guda kafin ta tashi.

Alhamis, uku na rana

Rana tsaka ce ta fi wuya. Da safe Akoko tana sharar baranda, tana ma yi mini faɗan takalmi. Amma da rana ta take sai ta shiga madafa ta zauna a 'yar kujera, fuskarta wajen ƙofa.

Na san dalili. Akwele atamfa take sayarwa a babbar kasuwa, gidanta kuma layi ɗaya ne tsakaninmu. Tun da na auri Akoko, kowace rana tsaka sai ta rufe shago ta zo, su shige madafa su ci a kwano ɗaya, ni kuma ina falo a tebur da cokalina kamar baƙo a otal. Da safe shayi ne, da dare su ɗan taɓa wani abu, abincinsu na gaske shi ne na rana. Ko Kafui tana goye ba a fasa ba. Mijin Akwele, Allah ya ji ƙansa, shi ma haƙura ya yi.

Mace ɗaya na aura, biyu na yi wa hidima. In na sayo zane, sai biyu. Takalmi, biyu. Ranar da na manta na kawo agogo ɗaya, mako guda ba wadda ta amsa gaisuwata. Akwele ba ta taɓa kirana da sunana ba, Direba take ce mini. "Direba, har yanzu wannan akwalar kake ja? Ka ba yara su yi wasan ɓuya a ciki mana." Ni kuma in ce mata Sufeto, don ba ta shiga gidana ta fita ba ta kama ni da laifi ba. Ban taɓa cin ta a gardama ba, ko sau ɗaya.

Yau doya na soya.

Juma'a, 8 ga Agusta, shida na yamma

Ruwa tun safe. Shayi biyu, kunu cokali ɗaya. Langa-langar tana yoyo daidai kan teburin da nake rubutu.

Asabar, 9 ga Agusta, biyar na yamma

Na yi wauta. Fo Kudzo ya ce akwai wurin da ruwa yake faɗowa daga kan dutse, duk baƙinsa suna zuwa, kuma ba nisa. Ya kamata in tuna "ba nisa" ta mutumin dutse daban take da tamu. Na ce a raina tafiya tana kawo yunwa.

Gangarawa ba wuya. Wurin kuwa ya cancanci zuwa, ruwa fari fat yana dukan duwatsu, feshinsa yana jiƙa mutum tun daga nesa, birai suna tsalle a sama. Akoko ta tsoma ƙafa, ta wanke fuska, har na ga kamar za ta yi murmushi. Na fito da burodi da gyaɗa. Ta karɓi burodin ta raba biyu daidai, ta duba wannan ta duba wancan, ta miƙo mini duka.

Hawowa ce ta gagara. Ba mu yi nisa ba ta zauna a kan saiwar itace, ta ce idonta yana ganin duhu. Na goya ta. Rabon da in goyi mutum tun Kafui tana firamare, kuma abin da ya tsorata ni shi ne ba ta yi mini nauyi ba. Wasu mata masu ɗibar rogo suka taya ni kama ta har gida, suna mini tsiya wai tsoho ya tuna amarci.

Ko a goye ba ta saki ƙirarenta ba. Tarin da ke jikin bangon madafa ya kai gwiwa, alhali da gas muke girki.

Asabar, shida da rabi na yamma

Na je gindin mangwaro na kira Kafui.

"Baba, ta ci?"

"Tana shan shayi sosai."

"Ba shayi na tambaye ka ba. Kai fa, kana ci?"

"Ni me ya same ni?"

"Haka kuke, kai da ita. Saura mako ɗaya, Baba."

Ban gaya mata zancen goyon ba.

Lahadi, 10 ga Agusta, ɗaya na rana

Na je cocin ƙauye ni kaɗai, ta ce ba za ta iya tafiyar ba. Ginin laka ne da bencina, ganguna sun fi mutane ƙarfi. A sahun mawaƙa akwai wata mata da ta soke 'yar tsana irin waccan a ɗaurin zaninta, kan ya leƙo waje, kuma duk ta fi su ɗaga murya. Mai wa'azi yana kallo, ya ci gaba da hidimarsa. A cocinmu da an kira ta gefe.

Da aka tashi na yi wa Fo Kudzo maganar. Ya ce matar ɗan'uwansa ce, ɗaya daga tagwayenta ya tafi bara.

Na ce, "A cikin ɗakin Ubangiji fa?"

Ya ce, "To a gida za ta bar shi shi kaɗai? Kai ma dai, Fo Agbeko." Sai ya ƙare mini kallo sama da ƙasa. "Ni wata tambayar ce da ni. Karena ya yi ƙiba har ba ya bin ɓera, kai kuma wandonka yana neman faɗuwa. Wa ya zo hutu gidan nan, kai ko shi?"

Na ce masa girkina ne bai yi mini ba. Gaskiya ce, amma ba duka ba.

Litinin, 11 ga Agusta, shida na yamma

Fiya biyu, gwanda biyu. Na gaji da haɗe su, na bar su yadda ya ajiye.

Talata, 12 ga Agusta, huɗu na yamma

Ranar kasuwa ce a garin da ke kan hanya, na sauka da mota. Na sayo wake da manja da garin rogo da madara. Kasuwar ƙarama ce, mata sun baza kaya a ƙasa, 'yan acaɓa suna ratsa mutane ba ko hon. Da ɗalibaina ne da ba wanda zai ga lasisi.

Na tuna silifas ɗin Akoko sun tsinke a wajen ruwan nan, na tsaya na saya mata. Na zaɓa, na yi ciniki, na ma yi wa mai kayan tsiya. Sai da na shiga mota na buɗe ledar na ga ƙafa biyu na sayo, shuɗi da ja. Jan na Sufeto ne, ita ce mai son ja. Ba wanda ya ce in saya, hannuna ne ya yi abin da ya saba.

Na daɗe a zaune ban tayar da mota ba. Wani ya ƙwanƙwasa gilashi ya tambaya ko ta mutu ne su tura. Na ce lafiyarta ƙalau.

Ina kewar matar nan. Ban zaci zan rubuta haka ba, amma ga shi na rubuta. Jan na cusa ƙarƙashin kujera, shuɗin na kai gida.

Laraba, 13 ga Agusta, sha ɗaya na safe

Na farka ba ta ɗaki. Ba ta baranda, ba ta madafa, sabbin silifas ɗin ma ba su nan. Na bi hanyar dutse ina kira, na dawo na bi ta rafi. Sawunta ne ya taimake ni, da yake ƙasar a jiƙe take. Ta bi bayan gonar inda kofi ya ƙare daji ya fara.

Na same ta zaune a ƙasa, zaninta sharkaf da raɓa, ga ɗaurin itace a gabanta wanda ko ƙato sai ya yi da gaske zai ɗauka. Ta yi ƙoƙarin tashi ta kasa.

Na ce, "Maman Kafui, me kike yi a nan?"

Ta ce, "Ita kaɗai ba za ta gama da wuri ba. Ka san ba ta iya ɗauri ba, tun muna yara nata sai ya kwance a hanya."

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce babu kowa a dajin nan sai birai, na ce ta daina wannan shirme, na ce ita mai karatu ce, na ce kashe kanta take yi ina kallo. Na faɗi abubuwa da yawa. Ta bar ni na gama.

Sannan ta ce, "To ina take? Kai da ka sani, faɗa mini."

Amsar tana bakina. A coci na sha faɗa wa mutane, har da ayoyi. Amma wajen itacen na nufa. Na ɗora shi a kai, na kama hannunta, muka taho a hankali.

Laraba, biyar na yamma

Ko shayin yau ba ta sha ba. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai.

Alhamis, 14 ga Agusta, goma na safe

Na gaya wa Kafui gaskiya, duka. Ta ce jibi Asabar za ta ɗauko mota ta zo, daga nan sai asibiti, ko uwarta ta yarda ko ba ta yarda ba. Ban yi musu ba. Mako biyu na roƙa, an ba ni, ga abin da na yi da su.

Na gaya wa Akoko. Ta ce, "To." Ta tambaye ni ko na biya kuɗin wutar gida kafin mu taho, ta gaya mini inda ta ajiye makullin akwatinta. Ban ji daɗin wannan magana ba ko kaɗan.

Juma'a, 15 ga Agusta, uku na rana

Da safe na je mota na ɗaga safaya taya. Ban yi doguwar shawara ba, don in na tsaya shawara ba zan yi ba. Abin da za a ce a coci, a ce. Na kwance ƙunshin a nan gindin mangwaro. Ba ta fi tsawon tafin hannu ba, baƙin katako mai sheƙi, an ɗaura mata ƙyallen jar atamfa da 'yan duwatsu a wuya. Duk ta yi warin fetur.

Gas ya ƙare tun jiya, sai na jera duwatsu uku a bayan madafa na hura wuta da itacen Akoko. Na dafa wake da manja, abincin tagwaye, yadda na ga ana yi a gidansu. Hayaƙi ya sa ni hawaye har na gode masa. Da rana ta take na shiga madafa, na ajiye kwanon a ƙasa gabanta, na zaunar da 'yar tsanar a ɗaya gefen.

Ta dube ta, ta dube ni. Ta ce, "Sai yau ka ga damar fito da ita? Gwaggo ta gaya mini tun kafin mu taso."

"Me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

"Kai dattijon coci ne. Ban so in sa ka zaɓa."

Ta ɗauke ta ta juya ta. Ta ce hancin bai yi ba, Akwele da ta gani da ta mayar wa mai sassaƙar kayansa. Ta sa na kawo ruwan ɗumi ta wanke ta, ta shafa mata mai, ta gyara mata ɗauri. Ta ɗebi wake kaɗan ta ajiye mata a murfin kwano. Na fita baranda don in ba su wuri.

Juma'a, shida na yamma

Ba ta ci ba.

Asabar, 16 ga Agusta, takwas na safe

Na haɗa kaya. Fo Kudzo ya zo sallama da kofi ƙulli biyu. Kafui ta ce ta taso, za ta iso bayan rana tsaka. Na sake ɗora wake, ba don ina sa rai ba, sai don ban san abin da zan yi da hannuna ba.

Asabar, biyar na yamma

Zan rubuta yadda aka yi tun ban manta ba.

Rana tsaka na kai musu kwano madafa kamar jiya, na zuba nawa a faranti na zauna a tebur da cokali. Na juya shi, na sake juyawa. Da na ga lokaci ya ja sai na shiga in ɗauko kwanon in ba kare. Tana zaune, 'yar tsanar tana gabanta, waken ya huce ba a taɓa ba.

Na sunkuya zan ɗauka ta ce, "Ba ta jan kwano."

Na ce, "Na'am?"

"Akwele jan kwano take yi wajenta, in jawo, ta ja. Ta kwashe inda manjan ya taru ta ce ni ce na cinye. Wannan zama kawai take." Ta gyara wa 'yar tsanar ɗauri. "Akwele ta mutu, Baban Kafui."

Tun da abin ya faru ba wanda ya faɗi haka a gabanta, ni ma ban faɗa ba, ko a takardar nan. Na ce, "Na sani."

Ta ce, "Ni ma na sani. Ni na rufe mata ido, ka manta? Ba hauka nake ba. Yunwa nake ji kamar in mutu. Amma tun da aka yaye mu ban taɓa sa hannu a kwano ba wani hannun a ciki ba. In na kai hannu sai maƙogwarona ya rufe. Ban san yadda ake yi ba."

A gidan ubana namijin da ya tsuguna a madafa ya ci kwano ɗaya da matarsa, waƙa ake yi masa a gari. Shekarun aurenmu duka ban taɓa zama a wurin nan ba, kuma ban taɓa tunanin akwai abin da na rasa ba. Na jawo ɗaya 'yar kujerar, na matsar da 'yar tsanar gefe kaɗan, na ce mata ta yi haƙuri. Na wanke hannu. Gwiwoyina suka yi ƙara da na zauna.

Na ɗebi loma a gefena, a hankali, da ladabi.

Ta ce, "Ba haka ba. Ja shi."

Na ja kwanon wajena. Ta bi shi da ido. Na kai hannu daidai inda manjan ya taru na kwashe.

Ta ce, "Ɓarawo." Ta fizge kwanon ta mayar gabanta, hannunta ya shiga ciki.

Lomar farko ta daɗe a bakinta, ina ganin yadda take kokawa da ita, hawaye yana zuba. Ban ce sannu ba, ban ce ƙara ba, na san in na yi magana na ɓata. Na sake jan kwanon. Ta haɗiye, ta jawo. Ni ma sai a lokacin na san irin yunwar da nake ji. Waken ya huce, gishiri ya yi yawa, muna ci muna kuka kamar yaran da aka yi wa duka aka ba abinci.

Mun kai rabi muka ji hon daga gindin mangwaro. Kafui ce, na san hannunta, ni na koya mata. Na yunƙura zan tashi, Akoko ta riƙe mini wuyan hannu da hannunta mai manja.

Ta ce, "Zauna. Bar ta ta jira, abinci muke ci."